Big bluestem ko little bluestem: wacce za a shuka a bayan gida?

Ɗan'uwa, ka ce ɗan fili gare ka a bayan gida a jihar Kansas ta Amurka, ka gaji da ciyawar da ake yanka kowane mako, kana so ka shuka ta asalin yankin, ko big bluestem ko little bluestem. Ni dai ƙaramar, wato little bluestem, zan zaɓa maka.

Babbar, wato big bluestem, 'yar'uwar gamba ce, ita da gamba duk dangin ciyawar da masana ke kira Andropogon ne. Wanda ya san yadda gamba ke shanye mutum a ƙarshen damina ya san halinta. Takan kai mita biyu, wani sa'in ta wuce, kanta ya rabu gida uku, saiwarta kuma ta nutse har kusan mita uku. Tana yaɗo a hankali ta ƙarƙashin ƙasa, bayan wasu shekaru ta danne furannin da aka haɗa ta da su. Makiyaya da fili mai faɗi ne wurinta.

Ƙaramar kuwa ba ta cika wuce mita ɗaya ba, kuma a dunƙule take tsiro, ba ta bin maƙwabta. Da zafi ganyenta kore ne mai sirkin shuɗi. Da kaka sai ta koma launin tagulla, ta fitar da iri mai farin gashi wanda tsuntsaye ke ci har cikin hunturu. Ita ce ma ciyawar da jiharku ta ayyana a matsayin tata a 2010.

Abin da ke ɓata ta shi ne gata. Ka zuba mata taki, ka yawaita ban ruwa, ko ka sa ta a inuwa, sai ta yi tsawo ta kwanta. Rana take so da ƙasa mai tsakuwa ko yashi. Babbar ta fi ta jure laka da danshi.

Dukansu ba sa farkawa sai ƙasa ta yi ɗumi, wajen watan Mayu, kada ka ɗauka sun mutu. Shekarar farko saiwa suke yi, ciyawar banza ce za ta cika maka ido, don haka a ƙaramin fili gara ka sayi dashe maimakon iri. Yanka sau ɗaya ne, a watan Maris. Kafin ka tona rami ko ɗaya, ka duba dokar garinku a kan tsayin ciyawa a farfajiya.