Yaya, a kai Inna awon jini

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya zafin Garwa? Mu nan Liyon ta Faransa sanyi ya sa mu gaba.

Hoton ranar suna da ka turo ya hana ni barci. Na ƙara girmansa ina kallon hannun Inna da ta tallafe jaririn: tafin ya yi fari fat, leɓenta ma haka. Ka ce jiri na ɗibarta in ta ɗago daga ruku'u, har ta koma salla a zaune, in ta taka zuwa ƙofar gida kuma sai haki. Kowa a unguwar Hausare na cewa tsufa ne. Ni ban yarda ba.

Ka san aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wata da nake zuwa wa, ta haura tamanin, bara ta fara irin wannan kasalar har ta faɗi a banɗaki. Likita bai ce mata tsufa ba ne. Ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya rubuta awon jini. Da safe aka ɗiba, kafin la'asar sakamako ya shigo waya. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne in himoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, ya gaza 12 ga mace, ko 13 ga namiji, akwai ƙarancin jini. Nata ya gaza sosai.

Abin da ya fi burge ni, bai tsaya ga rubuta maganin ƙarin jini ba. Cewa ya yi sai an gano inda jinin yake zurarewa. Aka auna sinadarin ƙarfe, da bitamin B12, da aikin ƙoda, domin ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, in ta gaji jini ya ja baya. Daga ƙarshe aka zura mata na'ura ta baki, sai ga gyambon ciki yana tsatsafar da jini a ɓoye. Sanadinsa ƙwayar ciwon gwiwa da ta daɗe tana sha. Nan take na tuna ledar Inna da ke ƙarƙashin matashi, cike da diklofenak da ibuprofen na masu talla. A nan diklofenak na haɗiya ba ya fita daga famasi sai da takardar likita. A gida kuwa yaro ma sai ya sayo shi a bakin kasuwa.

Ganin likita Yuro 30 ne, kusan sefa 19,700, amma inshorar gwamnati na mayar da mafi yawansa. Duk wanda ke tsakanin shekara 50 da 74 ana kiransa bayan kowace shekara biyu a auna bayan gidansa kyauta, ko da jinin da ido ba ya gani, saboda kansar hanji. Sai dai kar ka ɗauka komai nasu ya fi. Ganin babban likitan ciki sai a jira makonni, wani lokaci watanni. Tsohuwar nan kuma ita kaɗai take cin abinci, gaban talabijin, ta ɗan taɓa burodi ta ture. Inna tana da ku, ga jikoki. Ga hanta ɗanya ta yankan safiya, ga kifin Lagdo, ga wake da zogale, wanda a nan garinsa ake sayarwa a 'yar leda da tsadar gaske.

Awon jinin nan ba sai an zo Faransa ba. Ana yin sa a Garwa, NFS ake ce masa, akwai reshen cibiyar awo ta Centre Pasteur, akwai babban asibiti. Ka roƙi likita ya haɗa da feritin, wato awon ajiyar ƙarfe a jiki, da na ƙoda, a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki tunda su ma suna cin jini. Ka faɗa masa tana shan metformin na siga, domin daɗewa a kansa na rage B12, shi kuma rashinsa kan kawo mantuwa da mutuwar ƙafa. Ku tafi da ledar magungunan gaba ɗaya ya gani da idonsa. Aunty ta tambaye ta a keɓe ko bayan gidanta ya koma baƙi, kai ba za ta faɗa maka ba.

Don Allah kar a sayo mata kwalbar ƙarin jini kafin awon, zai iya rufe ainihin ciwon alhali zuciyarta na ta wahalar bugu. In an ba ta ƙwayar ƙarfe, kar ta kora da shayi, yana hana ta shiga jiki, da lemu ya fi. Na san raba Inna da shayin safe aiki ne, a dai jinkirta shi awa biyu.

Na turo kuɗin awo da na mota jiya. In takardar ta fito ka ɗauki hotonta ka turo min, kowane shafi. Ka gaishe min da Inna, ka ce zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko.