Wata uku da ƙaramar na'urar bin taurari

Duk wanda ya taɓa ɗora kyamara a kan ƙafa uku ya nufi sama da daddare ya san haushin abin. Ka buɗe ta minti ɗaya, taurari su fito da wutsiya kamar an ja su da alli. Kyamara ba ta da laifi. Duniya ce ke juyawa, tana cika zagaye cikin awa 23 da minti 56, sama kuwa na gocewa kusan digiri 15 kowace awa. Da gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, mai milimita 135, daƙiƙa uku zuwa huɗu gare ka kafin ɗigo ya zama layi.

Shi ya sa na sayi wannan na'ura. Ba ta kai kilo biyu ba, tana shiga jakar goyo, cikinta ɗan inji ne da ke juya kyamara daidai da tafiyar sama. Batir AA huɗu take ci, ko ka ba ta wuta ta USB.

Daren farko ni na ci kaina. Akwai wani ɗan maɓalli mai N da S, na bar shi a S, alhali na mazauna kudu da ikweta ne. Sai ta riƙa juyawa baya-baya, wutsiyar taurari ta ninka. Na fi awa guda ina tsine wa na'ura kafin na haska fitila na ga aika-aikata.

Wahalar gaske tana wajen saiti. Dole a nufi gindin juyawarta da tsakiyar sama ta arewa, kuma Polaris, tauraron arewa da ake saiti da shi, ba a tsakiyar yake cif ba, ya kauce da kusan kashi biyu cikin uku na digiri. Saboda haka za ka durƙusa, ka leƙa wani ɗan madubin hangen nesa da ke cikinta, ka ajiye tauraron a kan da'ira mai kama da fuskar agogo, a gurbin da manhajar waya ta nuna maka na wannan lokaci. A nan nake da ƙorafi. Jar fitilar da ke haska da'irar wata 'yar roba ce da ake maƙalawa, sau biyu tana faɗuwa cikin ciyawa. Sannan in ka gama saiti ka ɗaure kyamara, ɗaurin kansa yakan goce da shi. Yanzu sai na ɗora komai, na daidaita nauyi, sannan na sake leƙawa. Gwiwa dai tana ji.

Amma in saiti ya zauna, sai ka yafe mata. Da gilashin nan na 135 na yi ta ɗaukar minti bibbiyu, taurari zagayayyu tas. Na nufi Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, na ɗauki hoto arba'in na haɗa su a manhajar Siril. Sai ga ɗaruruwa, ga shuɗiyar ƙura ta lulluɓe manyan kamar hayaƙi. Gajimaren Orion ma, tarin gas da ƙura da ke cikin rukunin taurarin Orion, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara sama da 1,300 kafin ya iso, ya fito da jajayen fikafikansa. Na daɗe ina kallon allon ban ce komai ba.

A kwali an rubuta tana ɗaukar kilo biyar. Ɗauka kam tana yi, bi ne ba ta iyawa. Na ɗora ƙaramin madubin hangen nesa mai milimita 400, da kyamara duka wajen kilo uku. Da na wuce daƙiƙa arba'in sai taurari su zama kamar ƙwai, hoto ɗaya cikin uku na zubar. Haƙoran giyarta ne, sukan ɗan yi gaba su ɗan ja baya a kowane zagaye, dogon gilashi kuwa ba ya rufa asiri. Iska kaɗan ta kaɗa, shi ke nan. Kuma ba ta nemo maka komai, kai za ka laluba da hannu har ka samu abin da kake so.

Ƙafa ukun da nake da ita da farko siririya ce, sai da na canza mai kauri na rataya jaka a ƙasanta kafin rawar ta ragu. Madubin 400 ya koma kabad. Daren jiya da 135 na fita, na'ura na ta aikinta shiru, raɓa ce ta rufe gilashi wajen ƙarfe biyu ta koro ni gida.