XAMPP ko Hosting Mai Araha: A Ina Za a Gwada WordPress?

Kullum sai an tambaye ni inda ya fi dacewa a gwada WordPress, wato manhajar gina shafin intanet.

XAMPP manhaja ce da ke ba ka damar tafiyar da shafi a cikin kwamfutarka, kuma kyauta ne. Da zarar ka sauke shi, ka kunna Apache da MySQL da ke cikinsa (na farko ke buɗe shafin, na biyu ke adana bayanansa), ba ruwanka da data. Ko sabis ya ɗauke, aikinka na tafiya. Ka ɓata shafin sau goma ka gyara, ba wanda ya gani, kuma abin da ya fi burge ni ke nan. Sai dai ba zai nuna maka saurin buɗewar shafin a wayoyin mutane ba.

Hosting kuwa, wato hayar wurin ɗora shafi a intanet, sai da kuɗi, duk wata ko shekara, amma kana iya tura wa mai aikin adireshi ya duba da idonsa.

Mai koyo, XAMPP ya ishe shi. Wanda kwastoma ke jira, hosting ya fi masa.