Sharhi kan gyaran Dyna mai ƙin tashi da sanyin asuba a wani garejin Kurmin Mashi

Ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya Toyota Dyna mai injin gas samfurin 3L wadda nake ɗauko masara da ita daga Saminaka zuwa Kaduna, kuma da hunturu ya kankama a watan Disamba sai ta fara ƙin tashi da asuba. Kik, wato abin da ke juya injin don ya tashi, yana juyawa, farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita ta salansa, amma injin ba ya kamawa sai hantsi ya dubi ludayi. Idan kuwa ya yi zafi, murɗa makulli sau ɗaya ya isa. Makanikai biyu da suka fara duba ta sun yanke hukunci cewa famfon injekta ne ya mutu, alhali ko injin ba su daɗe a kansa ba, shi ya sa na kai ta wurin wani dattijon mai gyaran injin gas a Kurmin Mashi, cikin garin Kaduna.

Abin da ya fara burge ni shi ne ƙin taɓa motar da ya yi a ranar da na kai ta. Ya ce, "Alhaji, ka bar ta ta kwana a nan, domin ciwon safiya ba a gane shi da azahar." Hujjarsa mai ƙarfi ce: injin gas ba shi da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur, zafin iskar da fistin ya matse ne ke kunna mai, don haka idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi sai ya shanye wannan zafi, kuma a nan ne hita huɗu da ke kan injin, masu ɗumama wurin da man ke ƙonewa kafin injin ya tashi, suke da aiki.

Washegari da sassafe ya fara da batir. Mita ta nuna volt 12.6 kafin a murɗa makulli, kuma bai sauka ƙasa da 10 ba lokacin da kik ke juyawa, saboda haka ya wanke shi daga zargi, ya dai kankare farin gishirin da ya taru a kawunansa. Daga nan ya kwance hitocin, ya jona kowanne da batir a gabana. Biyu sun yi jajir tun daga tsini cikin daƙiƙu kaɗan, ɗaya ya yi ɗumi kawai a tsakiya, na huɗu kuwa ko motsi bai yi ba. Bai tsaya nan ba, sai ya sa tiyo mai garai-garai tsakanin filta da famfo, muka ga ƙananan kumfa suna bi, alamar iska tana shiga ta wani tsohon tiyo da ya tsage, man kuma yana komawa tanki cikin dare. Ya canza hitocin duka, da tiyon, da filta, ya zubar da baƙin mai mai kauri ya zuba sabo mai lambar 15W-40. Famfon da aka so in kwance ba a taɓa shi ba.

Ya kuma tsawata wa yaron motata kan fesa fetur a bakin iska don tayar da injin, domin idan ya haɗu da hita mai zafi yana iya fashewa kafin lokaci, ya karya zobban fistin.

Wurin yana da nakasu. Aikin yana tafiyar hawainiya saboda dattijon ba ya barin yaransa su yi awo da kansu, ba a ba da rasit, kuma kuɗin aikinsa ya fi na maƙwabtansa. Kayan gyara ma ni na je na sayo, sai da ya mayar da ni saboda hitocin da na fara sayowa jabu ne. Duk da haka, abin da na biya bai kai kuɗin kwance famfo ba.

Yanzu ina jiran fitilar hita ta mutu a dashbod kafin in buga kik, motar kuma tana tashi tun kafin a idar da sallar asuba. Hayaƙin bai ɗauke gaba ɗaya ba, kuma bai ɓoye mini dalili ba: matsin silinda ta uku ya yi rauni, kuma zobbanta za su buƙaci canji kafin hunturun baɗi. Wurinsa zan mayar da ita bayan an gama jigilar kaka.