Tikitin takarda da na waya a jirgin Abuja zuwa Kaduna

Hajiya, kin tambaya ko ki yankar wa Baba tikitin jirgin ƙasa ta waya, ko ki bar shi ya je tashar Idu ya saya da hannunsa yadda ya saba. Ni dai shawarata ki yanka ta waya.

Tun da aka buɗe layin dogon nan a watan Yulin 2016 har zuwa farkon 2021, tikitin takarda ake sayarwa a taga. Takardar ba ta san mai ita ba, duk wanda ya riƙe ta shi ke da kujera. Lokacin da hanyar mota ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa da mutane, kowa ya koma jirgi, sai 'yan cuwa-cuwa suka samu kasuwa. Mutum ya yi sammako ya bi layi a tashar Rigasa ko ta Kubwa, a ce masa tikiti ya ƙare, ya fito waje ya tarar da shi a hannun wani da kuɗi ninki. Jaridu sun sha kawo wannan labari.

A watan Janairun 2021 aka ƙaddamar da tikitin intanet, wato na waya. Kina zaune a gida za ki zaɓi rana da lokaci, ki biya da katin banki, a turo miki tikiti mai ɗauke da bakod, wato ɗan zanen nan da na'ura ke haskawa a ƙofar shiga. Wanda aka haska sau ɗaya ya gama aiki. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, da ya dawo aiki a watan Disamba na shekarar, an ƙara sharaɗin lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, don haka tikiti ya zama na mai suna. Ki kula da wannan sosai: da sunan Baba da lambarsa za ki yanka, ba naki ba, kuma ya tafi da katin shaidarsa.

Inda takarda ta fi tikitin waya, ba ta neman caji, ba ta jiran netwok. Dattijo mai ƙaramar waya ba zai iya nuna bakod ba, ga shi wani lokacin banki ya cire kuɗi tikiti bai fito ba, sai an yi ta bibiya. Cuwa-cuwar ma ba ta mutu murus ba, ranakun Juma'a da jajibirin Sallah kujeru kan ƙare cikin ɗan lokaci.

Saboda haka ki yanka da wuri, kada ki bari sai ranar tafiya. Ki kai shagon buga takardu a fitar masa da tikitin, zanen ya fito tas ba dishi-dishi ba, kuma kada a naɗe takardar a kan zanen. Ki ajiye hotonsa a wayarki ko da ta ɓata. Allah ya kai Baba lafiya.