Agusta ko Disamba: yaushe ya fi a kai Hajiya zumunci Najeriya?

Ƙanwata, kin ce kina son ki raka Hajiya daga nan Maradi ku zaga dangi a Kano da Jos da Legas, kuma dama biyu gare ki, Agusta ko Disamba. Kin ƙara da cewa tana fama da ciwon gwiwa da ɗan tari. Na sha bin wannan hanya da rani da damina, bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Mu nan mun saba damina ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne tsakiyarta. Kano ma haka take, don haka mutum yakan ɗauka duk Najeriya haka take. Ba haka ba ne. A Legas ruwa kan fara tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni, sannan ya ɗan ɗaga ƙafa daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Wato ranar da Gulbin Maradi ya cika ya batse, mutanen Agege a Legas na iya kasancewa cikin ɗan sararinsu. Wannan shi ne abin da Agusta ke da shi na alheri: Legas takan yi lumshi, rana ba ta duka, Hajiya za ta yi barci ba gumi. Sai dai garin da ke shan ruwa sama da milimita 1,500 a shekara, kusan ninki uku na namu, ba ya bushewa don ya huta sati uku. Na taɓa shanya riga a Agege kwana biyu, na ɗauke ta da danshinta da warin funfuna.

Matsalar Agusta tana kan hanya da kuma Jos. Jos a kan tudu take, wajen mita 1,200, kuma Yuli da Agusta ne ruwanta ya fi yawa. Ba irin namu ba ne da hadari zai haɗu, ya zubar, gari ya washe. Can yayyafi kan wuni yana zuba, hazo ya rufe duwatsu, sanyi mai laima ya shiga ƙashi. Mai ciwon gwiwa ba za ta gode miki ba. Ga sauro a Kano da Legas, lokacin da zazzaɓin cizonsa ya fi kwantar da mutane. Daga Arewa zuwa Legas kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, ramuka sun cika da ruwa direba bai san zurfinsu ba. In kuma tafiyar ta ja har ƙarshen Satumba, ki tuna 2022, lokacin da kogin Kwara da Binuwai suka yi ambaliya, ruwa ya hau titin Abuja zuwa Lokoja, motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya.

Disamba fa? Hanya a bushe, sauro ya ragu, Kano ta yi daɗin yawo. Sanyinta sanyin da Hajiya ta sani ne, na hunturun gida, mayafi mai kauri da man shafawa sun ishe shi. Legas tana da zafi da gumi, amma ba ruwan da zai tsare ku a ɗaki, za ku ga dangi ɗaya bayan ɗaya. Jos ce dai abin shiri. Da asuba sanyi kan sauko kusa da digiri 10. Ban manta wata asubahi da na taɓa ruwan buta ba, yatsuna suka ƙage, sai da matar gidan ta miƙo mini ruwan zafi a kofin silba kafin in iya alwala. Amma busasshen sanyi ne, hantsi na yi rana ta fito tas, tsofaffi su baje tabarma a tsakar gida. Kasuwa kuma cike da dankalin turawa da kabeji da karas, tsarabar da ba ta lalacewa kafin a iso gida.

Aibin Disamba biyu ne, kuma ba zan ɓoye miki su ba. Na farko ƙura. Buji in ya taso daga Sahara yakan tayar da tari, shi ya sa nake so Hajiya ta ga likita kafin ku tashi, ta riƙe maganinta da takunkumin hanci. Ƙurar nan har jirgi takan hana tashi. Wata Janairu na wuni a filin jirgin Kano, hazo ya rufe gari, da yamma aka ce mu koma sai gobe. Na biyu, daga wajen 15 ga wata mutanen Kudu ke tururuwar komawa garuruwansu don Kirsimeti. Kuɗin mota da na jirgi su hau, tasha ta cika maƙil, tsohuwa ba ta da ƙarfin wannan turmutsitsin.

Bazara ban ma sa ta a lissafi ba. Wanda ya san Afrilun Maradi ba ya ɗora uwarsa a mota ta wuni.

Da ni ne, Disamba zan ɗauka, amma farkonsa, in ma da hali ku tashi tun ƙarshen Nuwamba, kafin sanyi da ƙura su kankama. Ku bi ta Ɗan Isa da Jibiya da sassafe, kada ku yarda da tafiyar dare a wannan yanki, kuma ki tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kwana ɗaya kafin tashi. Ku kwana Kano, ku fara da Jos tun sanyinta bai yi tsanani ba, kwana huɗu ko biyar. Daga nan Legas, in aljihu zai ɗauka ki sa Hajiya a jirgi, gwiwarta ba ta kwanan mota ba ce. Ku baro Legas kafin 15 ga wata, ku ƙare da Kano, inda za ta huta a cikin dangi, ta shiga Kantin Kwari ta zaɓo atamfofin jikoki, ba sai kun yi ta jan kaya har bakin teku ku dawo da su ba.

Ki saka mata safa biyu masu kauri da rigar sanyi a jakar hannu, ba cikin akwatin da za a ɗaure a saman mota ba.