Kafin ka sa wa babur ɗinka sabuwar taya

Ɗan yayata ya sayi Boxer na hannu a bara. Wata uku yana koyon tuƙi a kan tayoyin da suka suɗe, bai taɓa faɗuwa ba. Ranar da ya tara kuɗi ya sa sababbi gaba da baya, a ranar ya sha ƙasa, a wani shataletale da bai fi kilomita biyu daga wurin mai faci ba. Ya shigo gida yana ɗingishi, wando a yage, gwiwa duk ta ƙuje, ya ce, "Kawu, wallahi jabu aka sayar mini." Na tsuguna na duba tayar gaba da baya, lafiyarta ƙalau. Ba a dai gaya masa cewa babur ɗin da ya hau da safe ba shi ne ya hau da yamma ba.

Abu biyu ne suka haɗu suka kayar da shi. Taya idan ta fito daga masana'anta, fuskarta sumul take, har sheƙi take yi. In ka shafa ta da tafin hannu za ka ji santsi. Sai kwalta ta ɗan karce ta kafin ta fara kama ƙasa yadda ya kamata, kuma masu ƙera tayoyi sukan ba da shawarar a bi ta a hankali har wajen kilomita 150 ko 160 na farko. Na biyu kuwa, kuma shi ne wanda sabon shiga bai sani ba, shi ne siffa. Tsohuwar taya tsakiyarta ta cinye ta baje, don haka kafin babur ya kwanta a kwana sai ka ɗan tura shi da ƙarfi, hannunka kuma ya saba da wannan turin ba tare da ka lura ba. Sabuwa kuwa bayanta a zagaye yake, da ka ɗan taɓa kan babur ɗin sai ya kwanta. To ka haɗa hannun da ya saba da turi, da babur mai saurin kwanciya, da gefen taya da bai taɓa taɓa ƙasa ba, ga ɗan yashi a bakin titi.

Idan ka je kasuwa, fara da lambar da ke jikin tsohuwar tayarka, ba da abin da mai shago ya ɗauko maka ba. Boxer BM100 yana zuwa da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Lambar farko faɗin taya ce a inci, ta biyun kuma girman wili. Wasu baburan wilinsu 18 ne, taya mai 17 ba za ta shige su ba. Samari suna son sa ƙatuwar taya a baya don kwalliya. Ni ban yarda da wannan ba, musamman ga mai koyo. Taya mai faɗi idan aka matse ta a siririn wili, siffarta takan lalace, wurin da ke taka ƙasa ba ya ƙaruwa yadda ake zato, babur ya yi nauyin kai, ya ƙara shan mai, wani lokaci ma ta riƙa gugar kwanon cen.

Sai maganar zane, kuma a nan ne ya kamata ka tsaya ka tambayi kanka inda kake bi kullum. Akwai mai ƙananan zane ta kwalta, akwai mai manyan haƙora ta burji da yashi da laka, akwai kuma ta tsaka-tsaki. Mai haƙora tana burge ido, ga ta kamar ba za ta taɓa zamewa ba. A hanyar ƙauye da damina, lallai ba ta da na biyu, haƙoran suna nutsewa su kamo ƙasa. Amma a kan kwalta robar da ke taɓa titi kaɗan ce, tana ƙugi, kan babur yana kakkarwa a hannu, birki yana ɗaukar nisa kafin ya tsaya, idan kuma ka kwanta a kwana za ka ji kamar bayan babur ɗin yana rawa. Wanda zirga-zirgarsa cikin gari take, daga gida zuwa kasuwa ko makaranta, ta kwalta ce tasa. Wanda ke kwana a gari ya wuni a gona, ya ɗauki ta tsaka-tsaki. Mai manyan haƙora sai wanda ba ya ganin kwalta sai ranar kasuwa.

Ta fuskar kamfani, abin da ya cika kasuwanninmu shi ne na Indiya irin su MRF da CEAT, da na Taiwan irin su Kenda da CST da Duro, sai tarin na Sin masu sunaye barkatai waɗanda yau ka gani gobe ka nema ka rasa. Bambancin da ke da muhimmanci shi ne taurin roba. Mai tauri tana daɗewa, shi ya sa 'yan acaɓa ke son ta, amma kamunta a jiƙaƙƙen titi ba shi da ƙarfi. Mai laushi tana kama ƙasa sosai, tana kuma saurin cinyewa. Danna farcenka a kan zanen: roba mai kyau za ta ɗan lotsa ta dawo, wadda ta bushe kuwa kamar ka danna ƙaho ne. Idan kuɗinka bai kai ka sayi masu kyau guda biyu ba, sa mai kyan a gaba. Baya in ta zame, sau da yawa ana iya ceto babur. Gaba in ta zame, kafin ka ce me kana ƙasa.

Za ka ga an rubuta 4PR ko 6PR ko 8PR. Wannan ƙarfin jikin taya ne. Mai ɗaukar buhu ko goyo kullum ya nemi 6PR zuwa sama a baya, ya kuma san cewa zai ji taurinta a ƙugunsa duk lokacin da ya faɗa rami ba kaya. Batun mai tif da marar tif kuma wilinka ne zai yanke shi. Wili mai wayoyi tif yake buƙata. Marar tif, wadda ake rubuta wa TL, alherinta shi ne idan ƙusa ta shige ta iskar a hankali take fita, ba ta sacewa farat ɗaya kana cikin gudu. In mai tif ce taka, sayi sabon tif tare da tayar, kada ka mayar da tsoho mai faci bakwai saboda 'yan canji.

Taya ta gwanjo ba na ba mai koyo shawarar ta ko kusa. Ba ka san rana nawa ta sha ba, ba ka san ramin da ta daka ba. Ko sabuwa ce a leda, nemi lambobi huɗu da ke cikin ɗan zagaye a gefenta. Idan ka ga 2324, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar shekara 4 daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma da irin zafinmu na Maris da Afrilu, wadda ta shekara tana rataye a ƙofar shago rana na dukanta ta tsufa tun ba ta hau titi ba. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a ɗauko mini daga ciki."

Kada ka bar wurin mai faci sai ka duba abu uku da idonka. Kibiyar da ke gefen taya, in tana da ita, ta kalli inda wili ke juyawa. Siririn layin da ya zagaye bakin taya ya fito daidai da bakin wili ko'ina, ba nan ya nutse can ya fito ba. Iska kuma a auna da geji, ba a bubbuga da sifana ba. Masu faci sukan cika iska fiye da ƙima don taya ta zauna a wili, su manta su rage, taya mai iska da yawa kuwa tsalle take yi, santsinta ya ninku. Ƙananan babura irin Boxer suna son wajen 25 a gaba, 28 a baya a ma'aunin PSI da ke jikin geji, a ƙara zuwa 32 in da goyo, amma bi abin da littafin babur ɗinka ya faɗa.

Makon farko ka bar goyo, ka bar gudu, ka guji fita da ruwan sama. Ja birki a hankali, ka ba na gabanka tazara. Nemi titi mai kyau marar cunkoso, ka riƙa shan kwana dama da hagu, kullum kana ɗan ƙara kwanciya kaɗan. Da yamma ka tsuguna ka duba: inda ya taɓa ƙasa zai dushe ya yi kaushi, inda bai taɓa ba yana nan da sheƙinsa. Ɗan yayar tawa kwana tara ya yi kafin sheƙin ya koma ɗan siririn layi a can bakin tayar, sannan na bar shi ya ɗauki mahaifiyarsa zuwa kasuwa.